An yi miki tiyatar rage ƙiba? Ga yadda za ki riƙe jikinki a Legas kar kilolin su dawo

Tiyatar rage ƙiba yanzu ba baƙon abu bace a cikinmu, daga Agege zuwa Idi-Araba zuwa Obalende da wuya ki rasa jin wance ta tafi Turkiyya ko Indiya ko Masar an rage mata tumbi, wasu kuma nan Legas ɗin ake musu a asibitin kuɗi. Kowa maganar kuɗin aiki yake da biza da tikiti, amma zaman shekara da shekaru da ɗan ƙaramin ciki a garin da duk inda kika juya abin ci ake miƙo miki ta tagar mota, wannan ba'a cika zama a yi maganarsa ba. Ni yayata aka yi wa, ni na riƙe mata kicin da rakiyar asibiti. Da mata nake magana dan su suka fi tambaya, amma maza ma ku karanta, dokar ɗaya ce in an cire zancen haihuwa.

Ki fara sanin wace iri aka miki, dan wallahi akwai wadda in kin tambaye ta sai tace "an dai yanke min ciki". Wadda aka fi yi ita ce silif, ana cire kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin a bar siririn bututu, ba'a taɓa hanji. Baifas kuma ana ware ɗan aljihu ne a saman tumbi wanda bai wuce mililita 30 ba a jona shi da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin, shi yasa mai baifas ta fi saurin rasa bitamin. A silif ɓangaren da ake cirewa shi ke fitar da mafi yawan sinadarin girelin mai sa mutum jin yunwa, sai kiga watannin farko kin wuni ko tunawa da abinci baki yi ba. Kar hakan ya ruɗe ki. Yunwa tana dawowa a hankali, cikin ma yana ɗan saki, kuma yawanci ramar tana tsayawa tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu bayan aiki. Duk ɗabi'ar da baki koya ba a wannan tsakanin, koyonta daga baya da wuya.

In a waje aka miki, kar ki baro asibitin sai da takardar bayanin aikin da turanci da jerin magunguna, ki ɗau hotonsu a waya. Jirgi daga Istanbul zuwa Legas kusan awa bakwai ne, ki riƙa tashi kina takawa, in an baki allurar hana daskarewar jini ki ƙarasa ta kar kice ai na warke. Kina dawowa ki nemi likitan da zai riƙa bibiyarki a nan, manyan asibitocin koyarwa irin LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja suna da likitocin tiyata da masana abinci, likitan WhatsApp da ke wata ƙasa ba zai taɓa cikinki ya ji ba. A makonnin farko kuma in zuciya tana bugawa sama da 120 a minti, ko zazzaɓi, ko ciwon ciki mai tsanani, ko ciwo a kafaɗar hagu, ko numfashi sama-sama, ko sharaɓa ɗaya ta kumbura, asibiti za ki a daren nan. Kar wani yace maleriya ce a sayo magani a kemis, yana iya zama ɗinkin ne ke yoyo ko gudan jini.

Matakan abinci kowane likita da ɗan bambancin tsarinsa, ki bi na naki. Amma galibi sati biyun farko ruwa-ruwa ne zalla, romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe man sama, madara mara kitse, yogot mara sukari, garin furotin in an rubuta miki. Nonon da ake tallansa a ƙwarya ki dakata da shi tukuna tunda baki san ko an dafa ba. Sati biyu na gaba abin da aka markaɗa a bilenda, sannan mai laushi irin alale da ƙwai da kifi da awara da ba'a soya ba, wajen sati shida zuwa takwas ki fara komawa abincin gida kaɗan kaɗan, sabon abu ɗaya a rana dan in ya ƙi zama ki san shi ne.

Toh ga inda mu Hausawa muke da matsala ta musamman: mun tashi da haɗiye tuwo ba tauna. A yanko loma a dangwala a miya a tura, haka amala, haka teba, haka sakwara. Sabon cikinki ba zai ɗauki wannan ba, lomar za ta tsaya miki a ƙirji, yawu ya taru a baki, kiyi ta kai-kawo a tsakar ɗaki har sai kin amayar. Burodin Agege ma haka yake dunƙulewa, shinkafa da taliya da indomi su ma sukan wahalar da mutane watannin farko, tsire da balangu da kilishi kuwa ki basu wasu watanni dan busasshen nama shi yafi maƙalewa. Ki nemi ƙaramin faranti na yara da cokalin shayi. Loma ƙarama, ki tauna sau 20 zuwa 30 har ta narke a baki, ki ajiye cokalin tsakanin loma da loma, cin ya ɗauke ki minti 20 zuwa 30, lokaci na cika ki ɗauke farantin ko da saura. Ƙoshin ma ya canza kama, wata shaƙuwa ce ke zuwar mata, wata atishawa ko yoyon hanci, wata ɗan nauyi a ƙasan ƙirji. Kina jin alamar ki tsaya, lomar da za ki ƙara ita ce ta amai.

Ki ɗauki cikin nan kamar mazurari. In kika zuba masa abu mai kauri sai ya tsaya yana sauka a hankali, ki daɗe a ƙoshe, in kuwa ruwa ne zuruf ya wuce. Daga nan dokoki biyu suka fito. Ta farko, ba'a ci ana sha. Ki bar ruwa kamar minti 30 kafin abinci, ki jira minti 30 bayansa, in ba haka ba ko ruwan ya cike gurbin abincin, ko ya kora shi ƙasa yunwa ta dawo da wuri. Duk da haka kina buƙatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, wato fiya wata uku zuwa huɗu tunda kowace leda rabin lita ce, ga zafin Legas da gumin da ba ya bushewa a jiki. Kar ki fasa leda da haƙori ki zuƙe, ki juye a gora ki riƙa kurɓa wuni guda. In fitsari yayi duhu ko kina jin jiri in kin miƙe, ruwa ne yayi kaɗan.

Doka ta biyu ita ce wadda nafi so ki riƙe a duk rubutun nan. Ba babban faranti ke dawo da ƙiba bayan tiyata ba, dan ba za ki iya cinye shi ba ma. Abin sha ne da ɗan taɓe-taɓe. Ki tsaya gaban teburin mai shayi a Agege da safe ki kalli haɗin kauri ɗaya, ya tuttula madarar gwangwani, ya zuba garin koko cokali biyu uku, ya bi da sukari, ya ɗaga kofi sama yana shiƙa har kumfa ta tashi. Wannan kofin zai wuce cikinki salin alin ba tare da kin ji komai ba, alhali ƙarfinsa ya kai na abinci guda. Haka fura da nono mai sukari, kunun zaki, kunun aya da dabino, zoɓo, lemon molt, ayis kirim. Lemon kwalba mai gas kuwa laifinsa biyu ne, ga sukari ga iskar da ke kumbura ciki, ki yafe shi kawai.

Sai gosulo. Kin baro Idumota ƙarfe biyar, takwas tayi kina kan titin Ikorodu cikin danfo, yara na bin mota da gala da soyayyar ayaba da cincin da gyaɗa da lemo mai sanyi a bokiti, ba wai yunwa kike ji ba, gajiya ce da zaman banza. Leda ɗaya yanzu, wata a Ojota, wata kafin Ketu. Irin waɗannan masu ƙaras-ƙaras suna narkewa a baki, ba sa cika ciki, za ki iya yini kina cinsu kina cewa "ni ai ba na cin komai". Maganinsa ki fito daga gida da shirinki, gorar ruwa, dafaffen ƙwai ɗaya ko ɗan alale a roba, kuma ki tsayar wa kanki lokacin ci, sau uku a rana da ƙaramin abu ɗaya ko biyu da kika tsara tun safe, tsakaninsu baki a rufe sai ruwa. In kina da shago ki kwashe kwalbar cincin daga kan kanta.

A faranti kuma furotin za ki fara ci, sannan ganye, tuwo ko shinkafa su zo ƙarshe in akwai sauran wuri. Ana so ki samu giram 60 zuwa 80 na furotin kullum, in bai samu ba jiki tsokarki zai ci, ki rame amma ki zama ba ƙarfi. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin madara kusan 8, kifi mai nauyin giram 100 yana bada kusan 20, dafaffen ƙirjin kaza mai wannan nauyin kusan 30. Mu a Legas Allah ya hutar da mu ta wajen kifi, titus da kote da fanla ko ina akwai, ki yi farfesunsu ko ki gasa. Wake, awara, kwaɗon zogale da ɗan ƙuli, miyar kuka ko kuɓewa da naman da ya dahu luguf ki sha da cokali ko babu tuwo. Ganda dai kar ki sa ta a lissafi, daɗin tauna ce kawai furotin ɗinta ba mai inganci bane. Man miya ki rage sosai, ludayin manja ba ya cika ciki amma yana hawa jiki.

In kin sha zaƙi ko kin ci maiƙo sai bayan minti 10 zuwa 30 zuciya ta hau dukan uku-uku, gumi, jiri, murɗar ciki, gudawa, wannan shi likitoci ke kira damfin, abincin ne ya faɗa hanji da sauri. Yafi kama masu baifas amma masu silif ma yana samunsu. Akwai kuma wanda ke zuwa bayan awa ɗaya zuwa uku, suga ne ke faɗuwa, jiki na rawa ido na ganin duhu. In na farkon ne ki kwanta ya wuce, kowanne ne kuma ki rubuta abin da kika ci, in yana maimaituwa ki faɗa wa likita.

Bitamin har ƙarshen rayuwa ne, ba sai kin ji sauƙi ba. Nan mutanenmu suke sakaci, kwalaben da aka taho da su daga waje suna ƙarewa shikenan an rufe babin. Abin da aka saba rubutawa shi ne haɗaɗɗen bitamin kullum, kalsiyom sitiret miligiram 1200 zuwa 1500 a rarrabe cikin yini, bitamin D, B12 ko na baki ko allura duk wata uku, da maganin ƙarin jini musamman ga mai al'ada. Ki raba kalsiyom da maganin ƙarin jini da aƙalla awa biyu dan suna hana juna shiga jiki, kuma kar ki kora na ƙarin jinin da baƙin shayi. Ki saya a famasin kirki ki duba lambar NAFDAC. Gwajin jini a wata 3, wata 6, wata 12, daga nan duk shekara ko kina jin garau, dan ƙarancin B12 yana iya lalata jijiya kafin ki farga. In amai ya ƙi tsayawa kwana da kwanaki, ki faɗa wa duk likitan da zai sa miki ƙarin ruwa cewa an miki wannan tiyatar, a baki bitamin B1 kafin ruwa mai suga, rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa. Gashi zai zube wajen wata uku zuwa shida, ki sassauta kitso ki bar shamfo mai ƙarfi, yana dawowa.

Maganin ciwon jiki irin ibufurofen da diklofenak da asfirin suna jawo gyambon ciki, musamman ga mai baifas, farasitamol shi ne naki sai in likita yace wani abu daban. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla miki a leda a kemis ko ake talla a cikin bas, da jiƙe-jiƙen agbo, baki san me ke ciki ba, ki kyale su. Sigari da shisha ma suna buɗe gyambo. Mai ciwon suga ko hawan jini kuma ta koma a sake duba mata magani da wuri, dan adadin da take sha da tsohon jiki yana iya mata yawa yanzu, amma kar ta daina da kanta. Ciwo a dama ƙarƙashin haƙarƙari bayan cin maiƙo yana iya zama tsakuwar matsarmama, saurin rama na kawo ta.

Sai jama'a. A wajenmu ƙiba alamar hutu ce, mace ta rame kuwa sai an nemi dalili. Wani suna da muka je Idi-Araba an ajiye wa Yaya faranti shaƙe da shinkafa da waina da nama, tayi cokali uku ta ajiye, sai gwaggonmu ta matso ta riƙe mata hannu tace "Ke 'yar nan, lafiyarki kuwa? Ko mijin naki ne ba ya riƙe ki da kyau?" Yaya tayi dariya tace "Lafiya lau Gwaggo, likita ne ya sa min doka, a ƙulla min in tafi da shi yara su ci." Magana ta mutu. Ki tanadi amsa irin wannan guda ɗaya, gajera, ba dole sai kowa ya san an miki aiki ba, kuma ki ci ɗan abinki a gida kafin ki fita biki. Za'a yi gulma, wasu har ciwon da ba ki da shi za su laƙaba miki. In kuma kin ga ranki na yawan ɓaci, ko dama abinci ne abokin hirarki in damuwa ta taso yanzu kuma babu hali, ki nemi likitan ƙwaƙwalwa ko mai bada shawara, ba hauka bane.

Azumi tambayar kowa ce. Likitoci da yawa suna cewa a dakata aƙalla wata shida zuwa shekara bayan aiki, dan a Legas azumi yakan kai awa 13, kuma ke ba za ki iya ɗurawa cikinki ruwa lokaci ɗaya ki rama ba. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara aya ta 184 da 185, ki haɗa maganar likitanki da ta malaminki. In an baki izini, ki buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya, kiyi sallah, bayan rabin awa ki ci furotin, kiyi ta kurɓar ruwa har kwanciya, sahur ma furotin, bitamin kuma a raba su tsakanin buɗa-baki da sahur. Kofin kunu da ƙosai da lemo a tashi ɗaya kan cikin da ya wuni ba komai, damfin kike kira.

Ciki kuma a jira wata 12 zuwa 18. Haihuwa tana buɗewa da an fara rama, har wadda ta daɗe tana nema sai kiji ta samu ba shiri, kuma ƙwayar tsarin iyali ta baki ba lallai ta shiga jikin mai baifas yadda ya kamata ba, gara wanda ake sakawa a hannu ko a mahaifa. In cikin ya samu ki faɗa musu a wajen awo, dan gwajin da ake bada ruwan suga a sha bai dace da ke ba, akwai wata hanyar.

Tafiya tun ranar farko ake farawa, ɗaukar kaya mai nauyi kuwa, jarkar ruwa ko goyo ko jan janareta, sai bayan sati huɗu zuwa shida. Daga nan ki nufi minti 150 a sati, da motsin ƙarfafa tsoka sau biyu, tsokar ita ke ƙona abinci ko kina zaune. Ba sai kin biya kuɗin jim ba, bayan asuba kafin gari ya cika ki zaga layinku da maƙociya, ki sauka daga BRT tasha ɗaya kafin taki, gadar masu tafiya a ƙafa da kowa ke gudu ki hau ta, gora biyu cike da ruwa sun isa ɗagawa a ɗaki. Fatar da ta saki ki riƙa tsane lungunanta da kyau bayan wanka dan laimar garin nan na sa ta ƙuraje, tiyatar cire ta kuma sai nauyi ya daɗe a tsaye.

Sikeli sau ɗaya a sati ya isa, rana ɗaya, da safe, kafin ki ci komai. Zai tsaya cak wani lokacin, har a wajen sati na uku, ba lalacewa aikin yayi ba. Bayan shekara biyu ƙara 'yan kiloli abu ne da aka saba gani. Amma ki ja wa kanki layi, misali kilo uku sama da inda kika tsaya, kina haurawa ki ɗau mataki a satin ba sai zani ya daina zagayowa ba. Kwana bakwai ki ɗau hoton duk abin da ya shiga bakinki har ɗanɗanon miya da ragowar yara, mafi yawan lokaci a nan za ki ga ɓarawon, shayi ne ya dawo ko ci da sha tare ko taɓe-taɓen dare. Ki duba barcinki ma, mai tashi ƙarfe huɗu dan ta riga gosulo ta kwanta sha biyu dole kwaɗayin zaƙi ya dame ta. Kar ki koma ruwa zalla wai ki tsuke ciki, kar ki sayi shayin rama na Instagram, kuma kar kunya ta hana ki komawa wajen likita. Akwai abin da zai iya yi, wasu ana ɗora su kan allurar rage ƙiba irin Ozempic ko Mounjaro, wasu masu silif da ƙwannafi ya addaba ana mayar musu da shi baifas. Allurar dai sai da takardar likita kuma daga famasi sananne, dan a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a Burazil da Ingila da Amurka, balle wadda wata za ta aiko miki da ɗan acaɓa a cikin kula.